Ɗan Ungozoma Ya Zama Fada

Lokacin da nake aikin jinya a Talata Mafara, gida ɗaya muka zauna da wata ungozoma 'yar kudancin Kaduna, mai bin ɗariƙar Katolika. Mijinta ya rasu, ya bar mata ɗa guda, namiji. A gabanmu ya gama sakandare. Tun yana aji huɗu take tara masa atamfofi a akwati, don ta ga yadda muke haɗa lefe, abin ya burge ta.

Wata Asabar muna tsince shinkafar Bakura a tsakar gida, ta ce min yaron ya ce shi fada zai zama, wato limamin coci. Ban san nauyin maganar ba, na yi mata murna. Sai ta ce, "Fada fa ba ya aure."

Mahaifiyata ta zo mana daga Maradun a makon, tana zaune a tabarma tana jinmu. Ta ce, "Har yaushe?"

"Har mutuwa, Inna."

"Ko mata guda ba a ba shi?"

"Ko guda. Kafin a naɗa shi sai ya yi alkawari a gaban bishop, babban limaminmu."

Inna ta tambaya ko yaron lafiyarsa ƙalau. Ungozoma ta yi dariya, ta ce ƙalau yake, har akwai yarinyar da ke sonsa a cocinsu. Uwar ba ta taɓa kuka a gabanmu ba. Ta dai ce sau biyu ta roƙe shi ya sake tunani, daga nan ta ƙyale shi. Atamfofin ta raba wa 'ya'yan ƙanwarta.

Ya daɗe yana karatu, har uwar ta yi ritaya ta koma garinsu. Ban je naɗin ba, hanya ba ta da kyau lokacin. Hotuna na gani a waya.

Bayan naɗin ya zo gaishe mu, sanye da farar riga har ƙasa. Na kai shi Maradun wurin mahaifina, muka same shi a zaure ya sallami ɗalibai. Suka yi doguwar gaisuwa, da gajiya, da hanya, da damina. Baba ya ce, "Ya iyali?" sai ya tsaya, don an riga an ba shi labari.

Fadan ya ce, "Suna lafiya, Malam. Mama tana gaishe ku."

Baba ya ce madalla, ya sa aka kawo fura. Da la'asar na raka fadan tasha, ya hau motar Gusau.