Tsohon Katin Inna Asabe

Abin da na fara lura da shi ranar da na shiga ɗakin kati shi ne biron Malam Tanko, wanda ya ɗaure da zare a ƙafar tebur don kada a tafi da shi. Har yau ban manta da wannan biro ba, haka kuma ba zan taɓa mantawa da Talatar mako na uku da fara aikina ba.

Lokacin ina aji biyar na sakandare. Da aka yi dogon hutu, yayar mahaifiyata ta nema mini aikin sa kai a wani ƙaramin asibiti da ke Tudun Wada, wai ko bakina zai buɗe, don ni ko a aji ba na ɗaga hannu. Aka haɗa ni da Malam Tanko, mai kula da katunan marasa lafiya. Ga wanda bai san aikin ba, duk wanda ya zo sai ya fara tsayawa a tagarmu. In sabon zuwa ne a buɗe masa kati, a rubuta suna, shekaru, unguwa da ƙabila. In ya taɓa zuwa sai ya faɗi lambarsa, a ciro katinsa daga kabad a miƙa wa nas.

Malam Tanko mutum ne mai kirki, yakan ajiye mini rabin gyaɗarsa kullum. Amma layin ƙabila ba ya tambayar kowa. Kallo ɗaya yake yi. Mai hijabi ko hula, Hausa. Doguwa fara, Fulani. Wanda ya ga bai gane ba, sai ya rubuta "sauran ƙabilu".

"Nafisa, jihar Kaduna ce fa," in ji shi. "Daga nan zuwa Kafanchan kowane tsauni da yarensa. In na ce zan tambayi kowa, la'asar za ta same mu a nan. Idona ya isa."

Sista Ladi, babbar nas ɗinmu, Kirista ce 'yar Wusasa. Ta ji shi daga ƙofa.

"Idon nan naka ne ya sa ni a sauran ƙabilu ranar da na yanki kati, ni da kakannin kakannina a Zariya aka binne su?"

"To Sista, ai ba ki yafa mayafi ba."

"Kai da ka sa hula, zo mu gwada Hausar mu gani."

Da yake ba na son magana da mutane, Malam Tanko ya ba ni aikin jera tsofaffin katuna. Aikin ya yi mini daɗi. Nakan duba rubutun magatakardan da suka wuce: wani yana kwantar da haruffa, wani yana danna biro har ya huda takarda. A nan na ci karo da katin Inna Asabe, mai ƙosai a bakin titinmu, wadda duk yaran Tudun Wada suka taso suka gani a gaban kaskonta. Sabon katinta, da hannun Malam Tanko, an rubuta Hausa. Amma a bayansa akwai wani tsoho da ya koma ruwan ƙasa, an maƙale su da allura. A kansa, a layin ƙabila, wani ya rubuta da ƙananan haruffa: Kurama, daga wajen Lere. Na karanta, na mayar, ban gaya wa kowa ba.

Ranar Talatar, wajen ƙarfe tara na safe, aka shigo da Inna Asabe a keke napep. Babban ɗanta, Malam Sani tela, shi ya tallabo ta. Bakinta ya ɗan karkace, tana ta magana ba tsayawa, amma ba wanda ya fahimci ko kalma ɗaya. Na kai katin ɗakin Sista, na tsaya a bayan labule.

"Inna, ina ke miki ciwo? Yaushe abin ya fara?" Sista Ladi ta yi ta tambaya. Inna ta kalle ta, ta amsa da wannan maganar dai, hawaye na bin kuncinta.

"Tun asuba take wannan sambatun," in ji Malam Sani. "Sista, wannan ba na asibiti ba ne. Shafar aljanu ce. Matan gida sun faɗa mini, ni ne na yi gardama. Bari in mayar da ita a yi mata ruƙiyya."

"Malam Sani, jininta ya hau sosai. Ka tafi da ita gida yanzu, ban san abin da zai faru kafin azahar ba."

"Uwata ce. Shekara hamsin ban taɓa jin wannan muryar a bakinta ba."

Ya fara naɗe mata zane zai ɗauke ta. Ni kuwa kunnena yana kan maganar Inna. Ba ta yi mini kama da sambatu ba. Tana faɗin abu, ta dakata, ta jira amsa, ta maimaita. Kuma na san wannan tashi da saukar muryar. Kullum da safe Baba Yohanna mai gadi yakan zauna a gindin dogon yaro yana waya da mutanen garinsu, ni kuma nakan wuce a hankali don in ji.

Sai da Malam Sani ya sa hannu zai ɗaga ta na ce, "Sista, yare ne."

Duk suka juyo. Na juya katin, na nuna mata tsohon da yatsa, na ce, "A kira Baba mai gadi."

Baba Yohanna ya shigo da hularsa a hannu, yana zaton laifi ya yi. Inna ta sake magana. Sai na ga ya saki hular, ya durƙusa a gaban gadon, ya amsa mata. Ta damƙe hannunsa da hannunta na hagu.

Baba Yohanna ya juyo gare mu. "Ta ce hannunta na dama da ƙafar sun mutu tun kiran sallar fari. Ta faɗi a banɗaki. Maganin hawan jininta ya ƙare sati biyu, ba ta faɗa ba don kada ta dami yara. Ta ce tana jin duk abin da kuke faɗa, Hausar ce ta ƙi fitowa."

Malam Sani ya zauna a ƙasa. "Mun san daga wajen Lere aka auro ta," ya ce a hankali. "Amma ban taɓa tambayarta ba."

Inna ta ƙara wata magana, Baba Yohanna ya fashe da dariya yana share ido.

"Me ta ce?" in ji Sista.

"Wai shekara nawa ina cin ƙosanta, ban taɓa gaishe ta da yaren gida ba, ba ni da tarbiyya. Kuma wai a aika a rufe ƙullun, kada kaji su shiga."

Sista Ladi ta rubuta takardar tura ta babban asibiti nan take. Baba Yohanna ya bi su a motar asibiti, Malam Tanko da kansa ya tsare masa ƙofa har azahar. Kafin hutu ya ƙare Inna ta dawo gida. Hausarta tana dawowa kaɗan-kaɗan, jikarta ce ke suya, ita tana zaune tana faɗa. Yanzu Baba Yohanna ba ya wucewa sai ya durƙusa ya yi gaisuwar da ake binsa.

A da ina ɗauka layin ƙabila don gwamnati kawai ake cika shi. Ranar na gane wani magatakarda da ban sani ba, wanda wataƙila ma ya rasu, ya ɓata minti ɗaya ya tambayi wata matashiya daga ina take, kuma wannan mintin ne ya hana a tafi da ita gida.

Washegari na tarar Malam Tanko ya gyara katin Inna, ya ajiye mini gyaɗa ƙulli guda cur. Ya ce in faɗi abin da nake so, tukwici ne. Na kalli zaren biron, na faɗa masa.

"Malam, don Allah a mayar da ni taga. Ina so in riƙa tambayarsu da bakina."

"Ke? Ke da ko gaisuwarki sai an kasa kunne?"

"Zan ɗaga murya. Amma in ba damuwa, Malam, ka ciro mini naka katin, in fara da kai."