Jita Biyu a Wagini

Jiya a tashar Batsari wani ɗan acaɓa ya kunna waƙa, na ji jita biyu suna tafiya tare, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Tsohon ɗan badujala ne. Da ya bar soja ya dawo Wagini da jita biyu, ya ba ni tsohuwar.

Gindin darbejiya muke zama bayan la'asar, rigarsa na warin taba, tsirkiya na yankan yatsuna. In ya ɗauko kiɗa na bi shi daidai, sai ya dafe mini hannu.

"Ɗan nan, in maimaita ni za ka yi, me ya sa muke biyu? Hau sama kaɗan, ka bi gefena."

Ranar da sautina ya zauna a kan nasa, dariya ya yi har da hawaye.

Daminar nan 'yan bindiga suka tare shi a gonar wake, suka harbe shi saboda babur. Gari ya watse, mu kaɗan muka binne shi a gurguje, muna waige.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu. Su kuwa ban yafe ba, Allah ya isa.