Ɗan Lido a Aljihun Mai Hoto

A duk tarihin jarumai masu baiwa, ba a taɓa yin wanda ya mallaki tasa tun kafin ya zaɓe ta ba, sai Baba Mai Hoto. Duniyar da ya yi wannan jarumta a cikinta kuwa ɗaki ne a ƙarshen barandar wani asibiti, mai teburin roba ɗaya, da fanka da ke juyawa idan ta ga dama.

Baba Mai Hoto ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan kyamara. Ya ɗauki angwaye da amare, da jarirai, da 'yan makaranta, da masu neman fasfo da ke ɗaure fuska kamar an yi musu rasuwa. Babu falon da za ka shiga a unguwar ba ka ga aikinsa a bango ba, kuma babu hoto ko ɗaya da shi kansa ya fito a ciki. Abin da mutane suka sani game da fuskarsa shi ne tana da kyamara a gaba. Aikin ya bar masa ɗabi'a guda: da zarar ya cire murfin kyamara sai ya jefa shi a aljihu, har hannunsa ya saba yi wa kowane ƙaramin abu haka ba tare da ya shawarce shi ba.

Sai wayoyi suka zo, kowa ya zama mai hoton kansa. Bayan su matarsa ta rasu. 'Yarsa ɗaya tana aure a nesa, tana turo saƙon murya tana tambaya ko ya ci abinci, shi kuma ya ce ya ci. Da ta zo ta ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa, sai ta kai shi asibiti. Likita ya auna abin da ake aunawa, ya ce jiki lafiya lau, ya tura shi ɗakin nan na ƙarshen baranda, inda wata matashiya mai ba da shawara kan damuwa take tara mutane duk ranar Laraba. Kowa Malama yake ce mata.

Malama da wasa take aikinta. Ta ce babban mutum zai iya shekara bai furta "ina jin tsoro" ba, amma idan aka ba shi jarumi ya riƙe, nan take zai ce jarumin nan tsoro yake ji. Don haka kowa ya ƙirƙiri nasa, irin na finafinan yara, da suna da baiwa. Ta zana gari a bayan kwali, ana jefa ɗan lido, farin abin nan mai ɗigo-ɗigo, ana tafiyar da katin kowane jarumi gida-gida. Wanda ya sauka a jan gida sai jaruminsa ya faɗi abin da ke cin ransa.

Akwai Direba, wanda tun da babbar motarsa ta kife bai sake iya riƙe sitiyari ba. Shi jaruminsa yana ɗaga tirela da hannu ɗaya. Akwai Mai Ɗinki, wadda 'ya'yanta suka daina yi wa juna magana, tata jarumar tana da zaren da ke ɗinke kowace ɓaraka.

"Baba, saura kai," in ji Malama.

Ya yi tunani, ya ce, "Nawa ba a ganinsa."

"Layar zana ke nan!" in ji Direba, yana buga tebur. "Tsoho ya iya zaɓe. Ni da ita aka ba ni, da surukata ba ta sake sa ni a ido ba."

Aka yi dariya, sunan ya zauna. Mai Layar Zana ya shiga gari, ya kuma yi fice wajen rashin fitowa. Idan ya sauka a jan gida sai Baba ya ce jarumin ba shi da ƙorafi. An sha tsallake shi a zagaye, ba da mugunta ba, shi ma bai taɓa tunatarwa ba.

Wata Laraba Malama ta ƙi barin maganar ta wuce.

"Baba, ba ƙorafi na tambaya ba. Me yake so?"

Ya kalli kwalin har fanka ta tsaya ta sake tashi. "Yana so ya sani," in ji shi, "ko idan ya fita daga ɗaki, ɗakin yana sani."

Malama ta ce wannan babbar magana ce, za a fara da ita mako mai zuwa. Lokaci ya cika, kowa ya nemi takalminsa. Baba ya taya ta naɗe kwalin kamar kullum.

Shi kuwa bai ga dalilin jiran a tattauna abin da za a iya gwadawa ba. Da Laraba ta zagayo ya yi wanka, ya sa rigarsa ta zuwa asibiti, ya zauna a bakin gado a tsohon shagonsa, inda yanzu yake kwana, a gaban labulen nan mai zanen teku da mutane suka sha tsayawa a gabansa. Ya ajiye waya a gwiwa. Rana ta ɗaga. Mai sayar da ruwa ya wuce. Wayar ta yi ƙara sau ɗaya, kamfanin layi ne yake masa albishir da garaɓasa.

Sai aka buga ƙofa.

Direba ne, yana haki, ya zo a ƙafa tunda ba ya shiga mota. Baba ya miƙe da sauri har wayar ta faɗi. Bai san lokacin da ya fara gyara wa baƙo kujera ba.

"Baba, kana nan lafiya ka bar mu muna kallon juna? Tun ɗazu ake nemanka. Mai Ɗinki har ƙarƙashin tebur ta duba."

"Ni?"

"To wa? Malama ta ce kai ka naɗe kwali. Laluba aljihunka."

Ya laluba. Ɗan lidon yana ciki, tare da wani maɓalli da murfin biro.

A hanya Baba ya auna lamarin da adalci. Gaskiya ne ba shi aka zo nema ba. Amma ƙofarsa aka buga, kuma rabon da a buga ta har ya manta irin ƙarar da take yi. Ya yanke hukunci cewa mutumin da ake nema saboda abin da ke aljihunsa ya fi wanda ba a nema, kuma akasarin manyan mutane ma a haka suke. Ranar ya yi wasa da kuzari. An taɓo maganarsa ta makon jiya, sai dai Direba ya sauka a jan gida ya fashe da kuka, lokacin ya tafi a kansa, kuma ya cancanta. Da aka tashi, Baba ya naɗe kwalin. Wannan karon shi ya ba hannunsa umarni ya jefa ɗan lidon a aljihu.

Laraba ta gaba ya share shagon. Ya goge labulen teku, ya dafa shayi, ya jera kofi biyu. Ya ɗora ɗan lidon a kan tebur, sannan ya ga bai dace a same shi a fili ba, ya mayar da shi aljihu. Shayin ya huce, ya ɗumama, ya sake hucewa. Da ya ga rana ta raba, sai ya kulle shagon ya nufi asibiti, yana shirya uzurin ciwon ƙafa.

Tun daga baranda ya ji dariyar Direba. Ya tsaya a bakin ƙofa. Suna zagaye da kwalin, kujerarsa tana wurinta, katin jaruminsa yana tsakiyar gari, ya ma fi na kowa nisa.

"Ga shi nan a fili!" in ji Mai Ɗinki. "Baba, ai mun ce kana nan, layar ce ta kama ka da kyau. Ni nake jefa maka. Yau ba a tsallake ka ko sau ɗaya ba."

"Na kira wayarka ban samu ba," in ji Malama. "Zauna, Baba, sannu da zuwa."

Ya tuna cewa tun faɗuwar da wayar ta yi ba ta sake yin ƙara ba, shi kuma bai ga wani bambanci da zai sa ya duba ta ba. Ya zauna, hannunsa a aljihu. A kan tebur akwai wani ɗan lido, sabo fil, ja. Wani kanti da ke kallon asibitin yana sayar da su biyar-biyar a leda.