Absalom Mai Saurin Karɓar Taba

Absalom Linklater bai zama dattijo don hankali ba, furfura ce kawai ta riga ta kowa fito masa. Tare muka tashi a bakin tafki, nan arewacin lardin Saskatchewan, na san shi tun yana satar kifi a ragar mutane. Ya yi gadi aka kore shi, ya tuƙa motar makaranta ya jefa ta rami, daga baya ya gano sana'ar da ba ta sa gumi, wato buɗe taro da addu'a. Duk baƙon da ya zo daga birni neman dattijon ƙabilarmu ta Cree, Absalom zai tarar a gaba, kitso biyu har kafaɗa, ido na kan teburin abinci.

A wurinmu mai neman alfarma wajen babba yakan ajiye ƙullin taba, sannan ya faɗi buƙatarsa. In babba ya ɗauka, ya ɗau alkawari ke nan, ba ja da baya. Shi ya sa tsofaffin kirki ke barin ƙullin a tebur sai sun ji ƙarshen zance. Absalom kuwa hannunsa ya fi kunnensa sauri.

Da masu bincike suka zo daga jami'a don jin yadda mata masu ciki ke fama da giya da ƙwaya, sun nemi dattawa biyu su yi musu jagora, shi da Kohkom Flora, wato Kaka Flora, tsohuwar ungozomarmu. Tun shugabarsu ba ta gama zama ba Absalom ya cusa tabar da suka ajiye masa a aljihu. Flora ta harɗe hannu, ta tambaya me zai sami macen da ta faɗi gaskiya. Matar ba ta ɓoye ba. Ta ce sirri ne, amma in suka ji yaro na cikin haɗari, doka ta tilasta musu sanar da hukumar kula da yara. Flora ta ce sai an yarda maganar ta fara biyowa ta hannun tsofaffin mata, ta bar ƙullinta a tebur ta fita. Duk wannan abin da ake yi, gogan naka yana can yana lafta wa gurasa man shanu.

Tunda ya ɗauka, dole ya cika. Ya bi gida-gida yana cewa mata su saki jiki, shi ya tsaya musu. Ba wadda ta kula shi sai jikarsa Charmaine, mai tsohon ciki da ƙaramin yaro, Tyrell. Yarinyar ta daɗe tana neman wanda za ta amayar wa abin da ke cinta. Ta faɗa musu komai, har ranar da ta sha giya, barci ya kwashe ta, yaron na wasa kusa da murhu.

Ba a jima ba farar motar hukumar kula da yara ta tsaya a ƙofarta. A gabana aka fito da Tyrell, takalmi ɗaya a ƙafa. Raina bai taɓa ɓaci irin na ranar ba. Daga baya masu binciken sun koma wurin Flora, sun karɓi sharaɗinta, amma ihu ne bayan hari.

A kanti Charmaine ta tare kakanta, ina bayansu a layi.

"Mosom, kai ka ce in yi magana."

"Haba jikata, ai ni ba su gaya min haka ba."

"Sun faɗa, Kohkom Flora ta ji. Kai kunnenka na ina, cikin faranti?"

Wai sai ya ce zai sa ta a addu'a. Ko kunya babu, washegari ya je buɗe wani taron.

Tyrell yana birni a hannun wasu mutane. Ana barin Charmaine ta gan shi ranar Asabar, ma'aikaciyar hukumar na zaune a gefe. Zuwanta na ƙarshe ta durƙusa da cikinta, ta miƙa masa hannu, yaron ya ruga ya ɓuya bayan ma'aikaciyar.