Kujerar Bayan Motar Alhaji

Yayana Garzali tela ne a Kasuwar Kwastam, mutumin da ko keke bai taɓa sayen sabo ba. A shekarun da bam ke tashi a Maiduguri, masu hali na kwashe iyalansu suna barin gari, shi sai ya sayar da filinsa na unguwar Mairi ya sayi tsohuwar mota.

Motar Ingila ce, baƙa, mai kujerun fata da sitiyari a dama. Wani Bature ne ya zo da ita, da zai tafi ya sayar wa wani Alhaji mai fataucin ƙirgi. Babanmu, Malam Uwais, shi ya tuƙa Alhajin nan tun yana saurayi har ya yi furfura. Shi ke wanke ta, shi ke buɗe ƙofa, amma bai taɓa zama a kujerar baya ba. Da magadan Alhajin suka tashi ƙaura suka sa ta a kasuwa, Yaya ya rantse sai ya kai Baba masallacin Juma'a a wannan kujerar.

Na yi masifa kan filin, ga shi motar ko tashi ba ta yi. Na ce ga motar nan a ƙofar gida, ya zaunar da tsohon a baya ya sha shayinsa, shi ke nan. Ya ce sam, sai tana tafiya. Kayan gyara daga Kano suke zuwa, hanya kuwa yau a buɗe gobe a rufe. Haka aka ci shekara, ƙafafun Baba na ta kumbura.

Ranar da motar ta tashi, Baba ya sha babbar riga ya hakimce a baya, yana kallon unguwar Bulumkutu kamar baƙo. Ba su yi nisa ba suka iske shingen masu tsaro. Dokar lokacin ita ce a kashe mota, kowa ya sauka ya ɗaga hannu. Da aka sallame su, mota ta ce ba ta san zancen ba. Masu tsaro suka hau faɗa, don ba a barin mota tsaye kusa da shinge. Dole wani ya tura, wani ya riƙe sitiyari.

Baba ya naɗe hannun riga ya shige gaba.

"Tura, Garzali," in ji shi. "Na fi ka sanin halinta."

Da ta tashi, shi ya tuƙo ta gida, Yaya na gefensa jiƙe da gumi, sallar ma ba su samu ba. Yaya ya roƙe shi a sake gwadawa wata Juma'ar. Baba ya ce a bari ƙafarsa ta yi sauƙi. Kafin azumi muka binne shi.

Yaya bai sayar da ita ba, bai kuma sake tayar da ita ba. Ni kuma na daina yi masa maganar filin.