Ranar da Aktosh Ya Hau Jailo a Kujerar Gaba

Duk wanda ya san ƙauyenmu na gefen At-Bashi ya san Toktosun, in bai san fuskarsa ba ya san ƙarar motarsa. Tsohuwar babbar mota ce shuɗiya da ubansa ya tuƙa tun zamanin gonar gwamnati, da aka zo rabon kayan gonar ta faɗo gidansu. Toktosun ya haura hamsin, gemu ya yi furfura, 'ya'yansa maza suna can Rasha suna aikin gini, amma har gobe a gidansu sunansa auta. Shi ne ƙarami a 'ya'yan Moldokul, don haka shi ya gaji murhu, ya gaji tumaki, ya gaji motar, ya kuma gaji tsohon kansa, da tarinsa da faɗansa. Da bakinsa yake cewa, "Ni kaɗai ne mai jikoki a ƙasar nan da ake aika ya ɗauko ashana."

Bayan kiwo, ɗaukar ƙaura ce sana'arsa. Idan ƙanƙara ta narke, kowane gida ya ɗaura niyyar hawa jailo, makiyayarmu ta kan duwatsu, garke yana bin hanyar ƙafa da mahaya da karnuka, kayan gida kuma suna bin titi a motar Toktosun. Ya ɗauki bijimi, ya ɗauki keken ɗinki, ya ɗauki akwatunan zuma da ƙudajensu a ciki. Kirarinsa ɗaya ne: "Ku dai ba ni igiya." Mu kuma muka yi ta zuga shi har ya yarda cewa babu abin da Allah ya halitta da bai san yadda ake ɗaure shi ba.

Aktosh karensa ne, ƙato kamar ɗan maraƙi, mai farin ƙirji da guntayen kunnuwa. Kun san halinmu da karnuka. Ba ma shafa su, ba sa tsallake bakin ƙofarmu, daga nesa muke jefa musu burodi, sannan mu zauna wajen shan shayi muna cika baki da su kamar mu muka haife su. A hunturun da ya wuce kyarketai suka faɗa garken Toktosun. Aktosh ya kore su, ko ɗan rago ba su ɗauka ba, amma suka bar masa kwatangwalo a lalace. Tun daga nan jan ƙafar baya yake yi.

Tafiyar jailo a ƙafa ta fi ƙarfinsa. Barinsa a ƙauye kuma kisa ne: in an sake shi zai bi ƙanshin garke har ya faɗi a hanya, in an ɗaure shi zai daina cin abinci. Toktosun ya san haka sarai. Ko dai Aktosh ya hau mota, ko a rasa shi. Sai ga shi karen bai taɓa hawa komai ba a rayuwarsa, banda dutse.

Makwabcinsa Kalys ya riga ya wuce gaba da garke. Ranar tashi da hantsi, Toktosun ya lafta sandunan ɗakin ulu, wato tantin da muke kafawa a jailo, da murhu, da tukwane, da barguna. Da ya zo kan kare, hannunsa ya yi abin da ya saba. Ya kayar da shi, ya haɗa ƙafafu uku ya ɗaure tamau, yadda muke yi wa ragon kasuwa. Aktosh bai cije shi ba, bai ko yi gurnani ba. Kallonsa kawai ya yi, yana haki, ƙafar nan mai ciwo tana rawa.

Matarsa Burul ta ajiye butar shayi. "Baban yara, layya za ka yi da shi?"

Ya kwance shi da sauri yana ƙunƙuni. Suka taru shi da ita suka cicciɓa karen kan kaya, ya sa masa igiya a wuya, ya ɗaure a ƙarfen gefe. Da farko ya ɗaure gajere, sai ya ja baya ya duba, ransa bai so ba. A wurinmu gajeriyar igiya ta akuya mai ɓarna ce. Dabbar da ake ganin girmanta, kamar dokin maigida, doguwar igiya ake ba ta, ta juya yadda ta ga dama. Kare da ya tsaya gaban kyarketai a ɗaure shi kamar ɓarawo? Toktosun ya ƙara masa gaba guda, ya sake dubawa, ya ƙara wata. Yanzu in yana ba da labarin a wajen biki yakan ce, "Wallahi da ladabi na so in kashe shi."

Tsoho Moldokul ya shiga kujerar gaba, inda babba ke zama tun da aka ƙera mota, farar hularsa tana gogar rufi. Burul ta hau kan barguna a baya kusa da karen. Suka kama hanya, tsoho yana ta gyara wa ɗansa tuƙi. "Auta, ka canja giya mana. Ba ka jin tana kuka? Wa ya koya maka mota ne?"

"Kai ne, Ata." Haka muke kiran uba da duk wani dattijo.

"To ban gama ba."

Sun yi nisa cikin hawa, titi ya zama kwana bisa kwana, dutse a dama, kwazazzabo a hagu. A wata kwana sai ga garkensu can ƙetaren rafi, fari fat a jikin tudu. Iska ta kawo ƙanshinsu. Aktosh ya miƙe, bai yi shawara da kowa ba, ya daka tsalle.

Burul, wadda tun ranar da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ɗaga murya a gaban surukinta ba, ta rafka ludayi a rufin mota, ta kurma ihun da ya amsa a duwatsu. Toktosun ya taka birki har hular tsoho ta faɗi. Ya diro ya zagayo. Ga Aktosh yana reto a jikin mota, igiya ta shaƙe wuyansa, harshe a waje, ƙafafun baya suna karta iska dab da taya. Igiyar ta isa ta bar shi ya yi tsalle, amma ba ta isa ta kai shi ƙasa ba.

Toktosun ya shige ƙarƙashinsa ya tallafe shi da kafaɗa yana kiran sunan Allah. Burul ta zaro wuƙar yankan nama ta datse igiyar, kare da maigida suka zube a tsakuwa, karen a sama. Aktosh bai motsa ba. Toktosun yana kwance, gashi cike da bakinsa, tsoro ya kama shi, kunya kuma ta fi tsoron. Kare ya tsira daga bakin kyarketai ya zo ya mutu a hannun gwanin igiya! Can sai Aktosh ya yi wani tari mai ƙarfi, ya ja numfashi, ya fara neman tashi ya nufi garke.

Mayar da shi baya ba zai yiwu ba. Kayan sun yi tudu, ga shi ya riga ya ga tumakinsa, ko da gajeriyar igiya zai yi ta fizga har ya ƙarasa wuyan. Wuri ɗaya ne a motar nan mai ƙofa da gilashi. Toktosun ya dubi wurin, ya ga ubansa zaune a ciki yana karkaɗe hula. Tsohon ya haura tamanin, ko kan jaki sai an ɗora shi, balle kan kaya. Ga shi mutum ne da in kare ya shinshina gefen rigarsa sai an wanke ta kafin ya yi salla.

Toktosun ya je bakin taga ya tsaya yana sosa ƙeya. "Ata, iska tana da daɗi yau."

"Tana da shi."

"Kujerar nan ba ta dame ka ba? Na ga kamar ta lotsa."

"Auta, faɗi abin da ya kawo ka."

"Ba zan iya ba, Ata."

Tsoho ya leƙa ya dubi karen, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce, "Kujerata kake so ka ba kare." Toktosun ya sunkuyar da kai, ya gwammace ƙasa ta tsage. Tsoho ya buɗe ƙofa ya sauko a hankali, ya zagaya ta gaban mota yana dafa ta, ya tsaya a ɗaya ƙofar ya miƙa tafin hannu. "Ba shi. Ni kuma ba ni makullina."

Tun shekarar da tsohon ya bi da motar ta kan tarin ciyawar Kalys yana rantsuwa cewa da can babu ita a wurin, Toktosun ke ɓoye masa makulli. Yanzu ya tsaya tsuru-tsuru, ya dubi kwazazzabo, ya dubi karensa da ke haki a ƙasa, ya zaro makullin ya sa a tafin ubansa. Ya rantse ya ga tsohon yana danne murmushi.

Wannan karon Burul ce ta tsara komai, gwanin igiya yana miƙo mata kaya. Ta shimfiɗa ulu a kujera, ta ba karen ruwa a murfin tukunya. Ta ɗauko majayin sirdi mai faɗi ta zagaya masa ta ƙirji da bayan ƙafafun gaba, ba ta bari komai ya taɓa wuyansa ba, ta ɗaure shi gajere a ƙarfen kujera yadda zai iya zama ya iya kwanciya, amma ba zai kai ga sitiyari ba. Ta sauke gilashi iya faɗin hannu. Aktosh ya cika wurin taf, yana rarraba ido, don bai taɓa shiga ƙarƙashin rufin ɗan Adam ba. Tsoho ya tattare gefen rigarsa ya nuna shi da yatsa. "Kai kuma, ka lashe ni ka gani."

Toktosun ya hau kan kaya tsakanin tukwane, ko ƙarfen gefe ya kasa riƙewa da kyau. Burul ta ɗauko ragowar igiyar ta zagaya masa a ƙugu.

"Haba, uwar yara, ni ma?"

"Gajeriya kake so, ko irin ta masu daraja?"

"Gajeriya," ya ce.

Tsoho ya sa giya ta ɗaya, kuma bai sake taɓa ta ba har jailo. Wata tsohuwa a kan jaki ta wuce su, ta gaishe su, ta ɓace musu. Toktosun ya gyara zama a kan kaya. Ta ɗan gilashin baya yake leƙen cikin motar, yana ganin ƙeyar ubansa da ƙaton kan karen. Duk kwanar da motar ta karkata, sai ya ga hannun tsohon ya bar sitiyari ya sauka a kafaɗar Aktosh, ya danne shi har a miƙe hanya.

Da la'asar suka iso. Waɗanda suka riga su hawa sun kafa ɗakunansu, hayaƙi na tashi. Da jin ƙarar motar, magidanta suka taso da hanzari zuwa ƙofar babba, kamar yadda aka saba, kowa hannu a ƙirji, kowa na son ya zama shi ya fara kama hannun tsoho. Na gaba ya ja ƙofa ya rusuna. "Assalamu alaikum, Ata, an sha hany—"

Aktosh ya zuro kai ya yi masa hamma a fuska.

Har yau akwai wanda in ya tuna sai ya zauna. Tsoho Moldokul ya sauko ta ɗaya gefen yana cewa a kawo masa ruwa da sabulu, kuma a gaya wa auta motarsa tana ja hagu. Burul ta kwance majayi, maza biyu suka sauke karen a hankali. Ya tsaya, ya girgiza jiki, bai kalli kowa ba. Daidai lokacin garke ya fara gangarowa daga tudu. Ya ja ƙafarsa ya ratsa tsakiyar mutane, ya nufi shingen duwatsun da tumaki ke kwana, ya shinshina na gaba-gaba ɗaya bayan ɗaya, sannan ya kwanta a bakin shingen, fuskarsa na kallon dutsen da kyarketai ke saukowa. Ya yi haushi sau ɗaya, muryar a dushe, amma ta kai inda ya aika ta.

Kowa ya bi tsoho zuwa shan nonon goɗiya. An manta da Toktosun a kan kaya, ƙullin yana bayansa inda hannunsa ba ya kaiwa. Can Burul ta tuna, ta dawo da gudu, ta tarar da shi zaune cikin tukwane, hawaye na bin gemunsa, farin ciki ya hana shi ko sharewa.

"Subhanallahi! Tsaya in kwance ka, baban yara."

"Bar ni tukuna," ya ce. "Daga nan na fi ganinsa."