Babur ɗin da na yi kwana goma ina wankewa

Edita, a shekarar da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ni lebura ne a Katsina, ina kwaɓa siminti da ɗaukar bulo, shekarata biyu da barin ƙauyenmu. Ƙarfi kam ina da shi, amma da ɗan birni ya kalle ni sau biyu sai in ji kamar an rubuta ƙauyanci a goshina. Babu abin da na tsana irin in buɗe baki in ce ban iya ba.

Lokacin zaɓe na yi wa wani ɗan takarar kansila wahala, manna hotuna da ɗaukar bencina. Da ya ci, ya raba mana babura mu yi kabu-kabu, bisa sharaɗin duk wanda ya jingine nasa za a karɓe a ba wani. Aka tambaye ni ko na iya tuƙi, na ce tun ina yaro. Wallahi ko keke ban taɓa hawa ba. Jakin babana kaɗai na sani, shi ma ya sha kayar da ni. Kowa ya buga nasa ya tashi, ni kuwa na turo nawa tun daga Ƙofar Kaura har Ƙofar Marusa inda nake haya, ina sharce gumi, duk wanda ya tambaya in ce babu mai a ciki. Washegari na ce sabon inji ne, ba a yi masa gaggawa. Kwana goma ina wanke shi safe da yamma, yana ƙyalli a zaure kamar amarya.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata la'asar maƙwabcina, wani dattijo tsohon direban babbar mota, ya fito cikin farar riga ya ce ɗana, in kai shi Gobarau dubiya. 'Yan majalisar ƙofar gida suna kallo. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na buga babur kamar yadda na ga ana yi, ya kuwa tashi. Dattijo ya hau, na murɗa mai na saki kuloci gaba ɗaya. Babur ya yi tsalle, ban san sanda muka tsinci kanmu cikin kwata ba. Salansa ta ƙona mani ƙauri, shi kuma gwiwar hannunsa ta goge, hularsa na yawo a ruwa. Ya miƙe yana dariya, ya ce shekara talatin yana kan titi bai taɓa shiga kwata ba sai yau da ya hau bayan gwani. Majalisa ta kwashe da dariya, ni kuwa da na ga jini a farar rigar nan, sai da na yi hawaye. Har gobe ina jin kunyar ranar.

Labari ya kai wa mutanen kansila, suka zo karɓar makulli. Dattijon nan, da bandeji a hannu, shi ya roƙa a ba ni wata guda in koya. Ya ba ni aron kekensa, na yi mako ina faɗuwa a lungu, unguwa ta sa mani suna direban kwata. Daga nan kullum bayan asuba mu fita fili bayan ganuwa, ya zauna kan dutse yana yi mani tsawa in saki kuloci a hankali, ba tsiya tsakanina da shi. Na yi kwanaki a giya ɗaya. Fasinjana na farko buhun yashi ne, kuma ya faɗo ya fi a ƙirga. Sau biyu ina cewa zan mayar da makulli in koma ga bulona, ai babur ba na irina ba ne. Sai ya ce sannu ba ta hana zuwa, kuma shi ma daga wanke taya ya fara.

Ranar da wata ya cika mutanen suka dawo. Ina tsaye, sai ga dattijo ya fito cikin farar rigar nan dai, ya haye bayana a gabansu, ya ce har yanzu bai je dubiyar Gobarau ba. Ya damƙe kafaɗuna, salati bai bar bakinsa ba har muka je muka dawo. Da ya sauka ya karkaɗe riga, ya nuna masu fes take. Suka bar mani makulli.

Da wannan babur na yi aure, na yi ta ciyar da iyali. Dattijon ya rasu, Allah ya jiƙansa, amma tabon salansa na nan a ƙaurina. Na gane babu wanda aka haifa da iyawa, kuma ƙauyancina na gaskiya shi ne jin kunyar tambaya. 'Yan uwa masu karatu, in ba ku iya abu ba ku faɗa tun da wuri, ku koya. Ni na ƙi faɗa, sai da na zubar da jinin mutumin da zai koya mani.